Wasiƙa Kwafi Uku, Kwaɗi Shida

Na yi shekaru masu yawa ina riƙe da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a makarantun sakandare, kuma mafi yawan abubuwan da suka faru a cikinsu sai na buɗe rajista nake tunawa da su. Amma akwai lamari guda wanda ko gara ta cinye rajistocina kaf, ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina, wato abin da ya sami kwaɗin Malamar bayoloji a wata makarantar 'yan mata da ke yankin Kiyawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu, wasunsu ma har yanzu muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure, mu gaisa da fara'a kamar ba a taɓa yi ba.

Aikina shi ne kula da kayan ɗakin da rubuta duk abin da ya shiga ko ya fita. Idan kwalba ta fashe, sai na rubuta ranar, da lokacin, da ajin da ya fasa ta. Ƙa'idata a wancan zamani guda ce, kuma duk ma'aikatan makarantar sun haddace ta saboda yawan nanata ta da nake yi: abin da ba a rubuta ba, bai faru ba. Ina alfahari da wannan ƙa'ida, ban san wata rana da ita za a ɗaure ni ba.

A shekarar aka turo mana sabuwar Malamar bayoloji, matashiya, kullum daga Dutse take zuwa. Ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna. Takardar tabbatarwar tana jiran sa hannun Shugaban makaranta da rahoton masu duba makarantu. Kowa ya san wanda yake cikin irin wannan hali yakan yi taka-tsantsan, ya koyar da abin da ke cikin littafi, ya tafi gida. Ita kuwa sai ta shiga sito, ta tono wani akwatin gilashi na kiwon halittun ruwa wanda tun da aka kawo shi ba a taɓa zuba masa ko ɗigon ruwa ba, tsofaffin takardun jarrabawa ake ajiyewa a ciki. Ta wanke shi, ta cika shi da ruwan tankin makaranta. Da damina ta ja baya, ta je kududdufin da ke bayan katanga ta kamo kwaɗi goma sha biyu, irin masu faɗin jikin nan da ba sa fita tudu. Ta ce tana so ɗalibai su ga yadda halitta take numfashi da cin abinci da idonsu, maimakon zanen allo.

Na buɗe musu shafi a rajista, na shigar da su a matsayin kayan makaranta, tunda a harabar makaranta suke. A ɗakin malamai kuwa nan da nan aka raɗa mata suna uwar kwaɗi. Malamin lissafi ya riƙa tambayarta ko an sa su a jerin masu cin abincin rana. Ita dai sai ta yi murmushi ta wuce.

Ba a yi mako uku ba kwaɗin suka fara ciwo. Wani farin abu kamar fumfuna ya fito musu a fata, suka daina cin abinci, huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Duk na rubuta. Wata safiya sai ga Malama da buhu cike da busasshen ganyen furut, itatuwan nan masu faɗin ganye da ke gaban ofishin Shugaba, waɗanda ganyensu yake yin ja kafin ya faɗo. Ta ɗauraye guda biyar ta jefa a cikin akwatin. Kafin kwana biyu ruwan ya koma launin ruwan bunu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata, "Malama, wannan ɗakin kimiyya ne, ba juji ba. Abin da Baba mai shara yake sharewa yana ƙonawa, shi kika kwaso kika zuba mana a kayan gwamnati?"

Ta ce, "Malam, ka taɓa leƙa kududdufin da na ɗebo su?"

Na ce, "Ba ya cikin aikina."

Ta ce, "To ruwansa haka yake, ganye ne ya rine shi. Busasshen ganyen nan yana sakin wani abu mai bauri, ɗan'uwan wanda ke cikin bagaruwar da majema suke jiƙa fata da ita. Shi yake hana fumfunar kama su. Kwaɗo da fatarsa yake sha, da ita yake numfashi. Ruwan da ya yi maka kyau a ido, shi tsirara ya bar shi."

Na ce, "A wane littafi aka rubuta?"

Ta ce, "Kai ka rubuta a naka, ka ga abin da zai faru."

Na kuwa rubuta, amma ba abin da take nufi ba. A ranar na zauna na tsara takardar ƙorafi zuwa ga Shugaban makaranta, cikin lafazi mai nauyi, na bayyana cewa an mayar da akwatin gilashi matattarar ƙazanta, kuma ina neman a ba da umarnin tsabtace shi ba tare da ɓata lokaci ba. Na sa hannu, na buga hatimi. Shugaba ya karɓa ya jefa a durowa, inda duk takarduna suke zuwa su kwanta.

Sai dai rajista ba ta san son rai ba. Mako guda, babu wanda ya mutu. Mako biyu, farin abin ya fara bajewa. Bayan wata guda kwaɗi takwas ɗin nan sun yi ɓulɓul, suna ninƙaya a ƙarƙashin ganye, suna kokawa a kan tanar da ɗalibai suke tono musu. 'Yan matan da a da suke ihu idan sun ga kwaɗo, suka koma yin layi a lokacin hutu don su leƙa. Ni da kaina na fara tsinto ganyen a kan hanyata ta shigowa, in zaɓi wanda ya bushe sosai, in ajiye mata a kan tebur ba tare da na ce komai ba. Ita ma ba ta taɓa cewa komai ba. Na san na yi kuskure, shafukan da na cika da hannuna sun shaida haka. Amma takardar ƙorafin nan ban janye ta ba. Na gaya wa kaina ai an manta da ita. Gaskiyar magana, nauyin rubuta cewa na yi kuskure nake ji.

Ana nan sai labari ya zo cewa masu duba makarantu za su zo ranar Litinin. Duk wanda ya yi aiki a makaranta ya san abin da wannan labari yake haifarwa. Aka shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, aka shafe gindin kowace bishiya har zuwa ƙugu, har wani tsohon turmi da ke bayan kicin bai tsira ba. Aka fito da labulen da ba ya ganin rana sai irin wannan lokaci. Madubin ƙara girman abu guda biyu da na yi shekara ina roƙo a ba ni izinin fitarwa daga kwali, a ranar aka ce in jera su a kan benci, amma kada ɗaliba ta taɓa. Baba mai shara, dattijo mai biyayya wanda bai taɓa tambayar dalilin umarni ba, ya share harabar tas, ya tara ganyen furut ya cinna masa wuta.

Ranar Asabar da hantsi Shugaba ya shigo ɗakina yana zagayen ƙarshe, Baba yana biye da shi da bokiti. Malama ba ta nan, ranar hutunta ce. Ya tsaya a gaban akwatin, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Wannan shayin fa, wa aka dafa wa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, magani ne. Ganyen shi yake riƙe da lafiyarsu."

Ya ce, "Baƙi za su zo daga Dutse su tarar da kwata a ɗakin kimiyya? Baba, a kwashe, a wanke shi da garin sabulu da ruwan wanke banɗaki, a zuba ruwa mai kyau."

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka yi haka za su mutu."

Bai yi mini musu ba. Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya zaro takarda. Tun kafin ya warware ta na gane hatimina. Ashe durowar ba kabari ba ce, rumbu ce. Ya karanta mini kalmomina da murya mai daɗi, har da wurin da na ce ba tare da ɓata lokaci ba.

Ya ce, "Ba kai ka rubuta ba, Malam?"

Na ce, "Ni ne. Amma na sauya ra'ayi."

Ya ce, "A rubuce?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To ai ka san ƙa'idarka."

A nan ne na tafka abin da har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Bokitin Baba yana gabana. Da na ɗauke shi, na ɗebi ruwan ganyen, na juye kwaɗin a ciki na kai bayan ɗaki, da magana ta ƙare, a wanke gilashi har ya gaji. Amma ni abin da ya zo mini shi ne, tunda takarda ce ta jawo, takarda ce za ta warware. Na ce a dakata mini, na fita da sauri zuwa ofishin magatakarda, na zauna na tsara wasiƙar janye ƙorafi. Na kawo lambar takardar farko da ranarta, na jero hujjojin da na haddace daga rajista, na sake kwafe shafin farko saboda wata kalma ba ta zauna mini daidai ba. Na yi kwafi uku: na Shugaba, na fayil, da nawa.

Da na dawo, ƙofar ɗakin tana kulle. Baba yana zaune a kan dakali yana shanya hannu.

Ya ce, "An gama, Malam. Ka ga yadda yake walƙiya? Sau biyu na cuɗa shi. Yallaɓai ya kulle duk ɗakunan da aka gyara, ya ce kada a ɓata kafin Litinin. Ya karɓi makullan ya tafi garinsu."

Nawa makullin yana rataye a ƙusa a cikin ɗakin, inda ƙa'ida ta ce a rataye shi a lokacin aiki. Na leƙa ta taga. Akwatin yana ƙyalli kamar na shagon gwal, ruwa garau, babu ko ɓurɓushin ganye, kwaɗi takwas suna ta karo da gilashi suna neman wurin ɓuya. Warin ruwan wanke banɗaki har waje. Na kira Shugaba a waya ya fi a ƙirga, a kashe take.

Na kira Malama na gaya mata. Washegari Lahadi da safe ta zo a keke mai ƙafa uku, da ganye a leda wanda ta tsinto a unguwarsu. Muka tsaya a bakin taga ni da ita. Biyu sun riga sun juya ciki sama. Muka samo doguwar gora muka soke ganye a bakinta, muka zura ta tsakanin ƙarafan taga, amma akwatin yana can ƙarshen ɗaki, gorar ba ta kai ko rabi ba. Ganyen ya faɗi a kan simintin da Baba ya goge.

Ta ce, "Malam, ko ganyen ya kai ba zai yi komai ba yanzu. Fitar da su za a yi daga ruwan. A ɓalle ƙofar nan."

Na ce, "Malama, ƙofar gwamnati ce. Ba ni da izini."

Ta dube ni. Ta ce, "Su ma ai ka rubuta su kayan gwamnati ne."

Duk da haka ban ɓalle ƙofar ba. Ita kuwa ba ta isa ta taɓa ba, mai jiran takardar tabbatarwa ba ta fasa ƙofar makaranta ana gobe baƙi za su zo. Ta ajiye ledar ganyen a kan dakali, ta koma Dutse ba tare da ta yi mini sallama ba. Ni kuma na zauna na rubuta duk abin da ya faru a takarda, don in shigar a rajista idan an buɗe.

Ranar Litinin baƙi suka iso, su uku, shugabarsu wata Hajiya ce mai gilashin ido, wadda ta yi shekaru tana koyar da kimiyya kafin a ɗauke ta wannan aiki. Shugaba ya zagaya da su cikin fararen duwatsu, ya ajiye ɗakin kimiyya a ƙarshe don ya zama abin burgewa. Ya buɗe ƙofa da kansa, ya ja gefe, ya ce, "Ranki ya daɗe, ga inda muke koyar da halitta a aikace."

Halitta kuwa ga ta nan a aikace. Kwaɗi shida suna yawo a saman ruwa, ciki sama, ƙafafu a baje, cikin ruwan da ya fi na kowane gida a garin tsabta. Biyu suna ƙasa a maƙure a kusurwa, da ƙyar suke motsi. Yayin da kowa yake kallon gawa, ni na buɗe rajista a kan benci na kwafe abin da na rubuta jiya, domin ba na barin shafi da giɓi.

Shugaba mutum ne mai saurin farfaɗowa. Ya juya wurin Malama ya ce, "Malama, wannan wane irin sakaci ne? Ranki ya daɗe, wallahi mun yi fama da ita a kan akwatin nan. Ga ma ƙorafin da mai kula da ɗaki ya rubuta tun watannin baya." Ya zaro takardata, karo na biyu cikin kwana uku, ya miƙa wa Hajiya. Na ga ɗaya daga cikin baƙin ya fara rubutu a fayil ɗinsa, na kuma san a shafin Malama yake rubutawa.

Ban san lokacin da na ce, "Ranki ya daɗe, ina neman izini in karanta rajista" ba.

Shugaba ya ce, "Malam, baƙi suna sauri."

Hajiya ta ce, "Ba ma sauri. Karanta."

Na fara daga ranar da kwaɗi goma sha biyu suka shigo. Na karanta mutuwar huɗu a cikin farin ruwa, da ranar da aka sa ganye, da makonnin da suka biyo baya babu mutuwa ko ɗaya. Na karanta ranar Asabar: wanda ya ba da umarni, da abin da aka yi wankin da shi, da gargaɗin da aka yi masa, da wanda ya tafi da makulli. Ban tsallake layi ko ɗaya ba. Da na iso kan nawa, na ji kamar in rufe littafin, sai dai wanda ya karanta laifin wani da ƙarfi ba shi da damar rage murya a kan nasa. Na karanta: mai kula da ɗaki ya bar kwaɗi ya tafi rubuta wasiƙa. Na karanta: Malama ta nemi a ɓalle ƙofa, mai kula da ɗaki ya ƙi.

Hajiya ta cire gilashinta ta ce, "Ina wasiƙar?"

Na zaro kwafi uku daga aljihu. Ta duba, ta ce, "Rubutunka yana da kyau, Malam. Minti nawa ka yi kana yin ta?"

Na ce, "Arba'in da biyar, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Bokiti kuma minti nawa zai ci?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ta ce wa Malama, "'Yata, fitar da biyun nan tukuna, sauran magana ta jira." Baba ya kawo ledar ganyen da ta kwana a kan dakali, yana ta cewa shi dai abin da aka ce ya yi, shi ya yi. Hajiya ta ce masa, "Mun sani, Baba. Kai kaɗai ne a nan ka yi aikinka yadda aka ce." Aka aika aka ɗebo ruwan kududdufi a bokiti, Malama ta tsamo su da hannunta ta saka a ciki. Shugaba yana tsaye yana duban silin kamar yau ya fara ganinsa.

Biyun nan sun rayu. An tabbatar da Malama a aiki a ƙarshen zangon. Ni kuma kafin sabuwar shekarar karatu takardar canjin wurin aiki ta same ni, aka tura ni wata makaranta a yankin Buji, wadda ɗakin kimiyyarta ba shi da ko benci. Takardar ta ce an yi haka ne don amfanin aiki, kuma tunda a rubuce yake, ban yi gardama ba. Ranar da zan tafi Malama ta zo har bakin mota ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri." Na ce, "Ki yafe mini shidan nan." Ta ce, "Na yafe. Amma ka rubuta, don kada a ce bai faru ba."

Wasiƙar nan kwafi uku har yau tana cikin akwatina, ba wanda ya taɓa karɓarta. Nakan fito da ita in duba, babu kuskure ko na waƙafi a cikinta. Abin da lamarin ya koya mini shi ne, ba duk abin da ya yi wa ido datti ne cuta ba, kuma mai gyara don baƙo ya gani yakan kashe abin da baƙon ya zo dubawa. Wannan darasin na Shugaba ne, ban sani ba ko ya ɗauka. Nawa ya fi ɗaci: idan ka gane ka yi kuskure, ka janye shi a ranar, kafin wani ya ajiye maka shi a durowa. Idan kuma rai yana gabanka yana neman ceto, ka fara ɗaukar bokiti, biro zai jira. Ban daina rubuta rajista ba, ita ce ta wanke Malama. Amma tun daga wannan shekara, sai na gama abin da ya kamata a yi nake zama in rubuta cewa an yi.